Disamba a Ringim: Kaza, Anko da Ƙarshen Duniya

Mu Kiristocin Ringim ba mu da yawa, kowa ya san haka, amma in Disamba ta kama sai ka rantse garin namu ne mu kaɗai. Akwai Hausawa 'yan ƙasa da suka taso daga ƙauyuka, akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya daga kudancin Kaduna da Filato, ga 'yan sanda da iyalansu, ga 'yan bautar ƙasa da aka turo ba su san ko "ina kwana" ba, ga kuma 'yan'uwanmu Ibo masu shagunan magani da kayan gyaran mota. Baƙi dai sun daɗe suna sauka a garin nan, tun da layin dogo ya ratsa shi daga Kano zuwa Nguru wajen 1930, zamanin da gyaɗa ke tashe. Yarenmu daban-daban, cocinmu daban-daban, wannan ɗan ECWA, wancan Katolika, wancan Angilika, amma halinmu na ƙarshen shekara ɗaya ne tak, kuma yau sai mun faɗe shi, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin yana farawa ne daga bagade. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilika suna da Lahadi huɗu cur kafin Kirsimeti da suka keɓe don jira, limami ya sa tufafi ruwan shunayya, karatun farko-farko kuma ba na jariri a komin dabbobi ba ne, na dawowar Almasihu ne da ranar shari'a, sai an kusa ƙarshe a juya zuwa Baitalami. Mu da ba mu bin wannan tsari ma ba mu tsira ba, don Baba Fasto ya san inda Matiyu sura 24 da 25 suke, kuma ya san a watan nan ne kunnuwanmu ke buƙatar ja. Zai tsaya ya ce, "Jama'ar Allah, in Ubangiji ya zo daren nan, a shirye muke?" Mu kuma mu amsa da "Amin" mai ƙarfi har kwanon rufi ya ɗauka. Da gaske muke yin Amin ɗin, Allah ya sani. Sai dai a daidai lokacin da bakin ke Amin, zuciyar Mama tana wajen tela, ta Baba tana lissafin kuɗin watanda, ta saurayin da ke bayan benci kuma tana tunanin ko takalmin da ya gani a Sabon Gari yana nan ba a saye ba.

Maganar tela kuwa ai ita ce babbar magana. Tun Oktoba uwar zumunta ta aika Kantin Kwari an zaɓo atamfar anko, an yi ta gardama a kan launi har sau uku, an raba, kowace ta kai ɗinki. Telan namu yawanci Musulmi ne, ɗan gari, ya san kalandarmu fiye da wasu dattawan ikilisiya, ya san cewa daga 20 ga wata ba shi ba barci. "Malam, don girman Allah kada ka yi mini irin ta bara." "Haba Mama, in sha Allahu ranar Laraba ki aiko yaro." Laraba ta zo ta wuce, wata Larabar ma ta zo, ranar 24 da daddare sai ka iske mu jere a bencin shagonsa cikin sanyi, kowa ya rungume hannu, ana jiran a sa maɓalli. Mutumin da bai taɓa iya tsayawa addu'ar dare har ƙarfe goma sha ɗaya ba, ga shi nan ido biyu har ƙarfe biyu, ko hamma babu. Ashe mun iya tsaro, jama'a. Mun iya jira. Abin da muke jira ne kawai ke bambanta.

Maza kuma kada su yi dariya, don nasu na nan tafe. Tun damina ake zuba kuɗin watanda, a naɗa ma'aji, a naɗa mai rubutu, a yi taro bayan sujada wanda ya fi taron dattawa cika. A tura mutum biyu Maigatari ranar Alhamis su duba sa, su dawo su ce shanu sun yi tsada, a sake zama. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nufi akuya, wanda akuya ta fi ƙarfinsa ya nufi zakara. Ga kuma jarabar da Allah ya ajiye mana a kusa, wato kasuwar Gujungu, wadda ba ta tashi ci ba sai ranar Lahadi. Lahadin ƙarshe kafin biki za ka ga ɗan'uwa yana duba agogo tun ana karatun farko, ana fara waƙar baiko ya jefa nasa ya zarce ta ƙofar baya, wai kada kaji su ƙare. Da yamma kuma in an haɗu a bakin hanya, kowa da kaza a rataye a babur, babu mai tambayar wani inda ya je, domin laifi tudu ne, kuma duk a kan tudu ɗaya muke tsaye.

Kazar nan fa, da yawa daga cikinmu ba ma yanka ta da hannunmu. Yaro ake ba ya kai wa maƙwabci: "Baba Malam, wai in ji Mama a taimaka a yanka mana." Shi kuma ya fito da wuƙarsa ya yanka, don ya san rabin naman gidansa zai dawo. Ranar 25 tun kafin a tafi coci kwanuka sun fara yawo, shinkafa da miya gidan Hajiya, cincin gidan mai unguwa, a ce musu ga abincin biki, su ce "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana." Kwanon da ya fita a Disamba shi ne zai dawo da naman layya in lokacinsa ya yi, har yara sun san wane kwano ne na wane gida. Ni dai a cikin duk al'adunmu babu wadda nake so kamar wannan, kuma duk wanda ya zo da wa'azin da zai hana kwanon nan tafiya, daga kowane ɓangare ya fito, bai yi wa garin nan alheri ba.

Wani abin mamakin kuma, a duniya ana cewa coci kan cika maƙil ranar Kirsimeti, mu a nan ranar ce benci ke samun hutu. Daga 18 ga wata an fara ɗaure kaya, mai zuwa Kafanchan, mai zuwa Jos, mai zuwa Anaca, kuɗin mota ya ninka amma ba mai fasawa, a ɗora buhun gero da na wake a kan mota a bi ta Gezawa a shiga Kano. Mai kiɗan ganga ya tafi, mai ja mana waƙa ta tafi, rabin 'yan kwaya sun tafi bayan sun kwashe makonni suna koyon waƙoƙin da wasu ne za su ji a wani gari. Mu da muka rage sai mu matso gaba, wanda bai taɓa riƙe makirfo ba ya zama mai sanarwa, tsohuwa ta ja waƙa daga Littafin Waƙoƙi da muryar da ta rage mata, kuma wallahi sujadar takan yi daɗi. Masu tafiyar nan kuwa sun san maganar Hausawa sarai, ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun Nuwamba suka kama kujera a mota.

To bari mu zo kan ƙarshen duniya, don nan ne muka fi ƙwarewa. Babu abin da zai faru a ƙasar nan da ba za mu ce alama ce ba. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, alama. Ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a yankin nan, alama. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, alama. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babbar alama. Mudun shinkafa ya tashi, "ƙarshen zamani ne". Yaro ya ƙi gaishe da babba, "ƙarshen zamani ne". Budurwa ta yi kitso da gashin doki har gadon baya, to wannan kam ƙaho kawai ya rage a busa. A nan ne ma muke haɗuwa da maƙwabtanmu a majalisa da yamma. Alhaji ya ce alamomin tashin ƙiyama duk sun bayyana, saura Dujal, Dattijo ya ce ai mu ma haka Littafi ya nuna mana, su gyaɗa kai tare. Sun bambanta nesa ba kusa ba a kan wane ne Isa Almasihu da abin da zai zo yi, kowa kuma ya san matsayin ɗan'uwansa, amma dukansu sun yarda zai dawo. Ana gama wannan sai hira ta koma kan farashin taki da inda za a samu injin ban ruwa na noman rani, domin duniyar da ta zo ƙarshe ɗin nan, kowa yana so ta same shi da alkama a gona.

Sai lambar nan ta 666 da ke cikin Wahayin Yahaya sura 13, wadda muka liƙa wa kusan kowace takarda da gwamnati ta fito da ita. Da aka kawo BVN a 2014 aka ce ita ce. Da aka ce a haɗa lambar ɗan ƙasa da layin waya a ƙarshen 2020 aka ce to yanzu kam ita ce. Da rigakafin korona ya iso a 2021 aka ce an gama. Saƙo ya yi ta yawo a WhatsApp, murya mai rawa tana cewa a tura wa mutum goma, mu kuma muka tura wa ashirin don lada ya yi yawa. Bayan mako biyu kuma duk muka haɗu a layin banki da layin rajista, wanda ya fi kowa tura saƙon yana gaba, har yana roƙon a riƙe masa wuri ya je ya dawo.

A nan dai zan ajiye raha kaɗan, don wannan hali yana da haƙora. Almasihu da kansa ya faɗa a Matiyu 24 cewa ranar nan babu wanda ya san ta, ko mala'iku, sai Uba. Duk da haka kowane zamani sai an sami mai kalanda. William Miller na Amurka ya sa mabiyansa suka zuba ido ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba komai. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka kashe dukiyarsu wajen tallata ranar, ta zo ta wuce. Kada kuma mu ce abin Turawa ne: a watan Yulin 2022 'yan sanda suka fito da mutum 77, da yara a cikinsu, daga ɗakin ƙarƙashin wani coci a garin Ondo, an tara su suna jiran fyaucewa, wasu yaran an raba su da makaranta. A Kenya kuwa, dajin Shakahola, gawa fiye da 400 aka tono daga 2023, mutanen da aka ce su bar ci don su sadu da Yesu. Duk wanda ya ce maka ya san ranar, ko ya ce ka bar gona, ka cire yaro daga makaranta, ka kawo kuɗinka, ka tashi daga gabansa. Bulus ya riga ya tsawata wa mutanen Tasalonika da suka zauna ba aiki, ya ce mai ƙin aiki kada a ba shi abinci.

Mu a yankin nan ma ba ma buƙatar mai kalanda ya tuna mana cewa rai ba a hannunmu yake ba. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, nan ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu, aka yi ta kawo waɗanda suka ƙone asibitin Ringim da na Hadejia. Matasa ne yawancinsu, da safiyar ranar kowannensu yana da shirin gobe. Babu wanda ya tambayi addinin wani a wannan makon, kuka ɗaya aka yi. Wanda ya ga wannan ya san cewa ko ƙaho bai busa a zamaninmu ba, kowa yana da tasa ranar, kuma ba ta aiko da saƙo.

Shi ya sa nake son wasan kwaikwayon da yaran makarantar Lahadi ke yi mana, ko da yake shi ma da rigimarsa yake zuwa. Kowace uwa tana so 'yarta ce Maryamu, babu mai so ɗansa ya fito a Hirudus, amma ranar wasa Hirudus ne ke kwashe tafi, da rawanin zanin uwarsa da takobin kwali. Masu kiwon tumaki su shigo da ɗan akuya na gaske ya yi ta kuka har a kasa jin mala'ika. In kuma aka yi sa'a malamar ta ƙara da misalin budurwai goma, sai ka ga 'yan mata da fitilu, biyar da mai biyar babu, mu kuma iyaye mu yi ta yi wa marasa man dariya, kowa ya tabbata shi yana cikin masu hikima. Abin da muke mantawa shi ne, a labarin nan duka goman sun yi barci da ango ya yi jinkiri. Ba barcin ne ya raba su ba, tanadi ne. Mu da muka san halin wutar lantarki ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba: ana kawo wuta kowa ke rugawa ya sa waya da tocila a caji, don ba a san lokacin da za a ɗauke ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce bari sai duhu ya yi ba.

To mene ne man? Surar da misalin budurwan nan yake ciki ba ta bar mu cikin duhu ba, don a ƙarshenta aka jera waɗanda za a tambaye mu a kansu: mai jin yunwa, mai ƙishi, baƙo, marar tufa, marar lafiya, ɗan kurkuku. Yahaya Mai Baftisma ma, da jama'a suka tambaye shi yadda za su shirya, bai ba su lissafin shekaru ba. Mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka yanka, soja kada ya yi ƙwace. A Matiyu sura 5 kuma aka ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Wannan ayar kam da muna bin ta sosai, da ranar godiyar kaka an ga dammunan gero da dawa jibge a ƙofar coci, masu su sun bazu cikin gari neman sulhu.

Don mu faɗi gaskiya, muna da 'yan'uwa mata biyu a kusan kowace zumunta da ba sa ga maciji tun bikin bara, a kan kuɗin hayar tukunya ko a kan wadda aka ba riƙon kuɗin adashi. Anko ɗaya suka ɗinka, layi ɗaya suke tsayawa, murya ɗaya suke rera waƙar salama a duniya, in an ce a gaisa da na kusa kowace ta juya ɗaya gefen. Muna da dattijon da ke jan addu'a har mutane su yi hawaye, mai shago kuma yana bin sa kuɗin sukari tun Ista. Muna da mu da kan sulale waje in an fara shirya teburin Jibin Ubangiji, wai za mu duba yaro, alhali mun san abin da ke cikin zuciya ne bai kwanta ba. Ba a ce kada a saɓa ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa, bashi kuma hanji ne yana cikin kowa. Amma mutumin da ya iya zuwa gidan tela sau biyar a mako ɗaya, ƙafarsa ba za ta gaza kai shi gidan 'yar'uwarsa sau ɗaya ba.

Kada kuma a ce ba mu da abin yabo. Matan zumuntan nan da nake tsokana su ne ke auna mudu-mudu na shinkafa su kai wa gwauraye ba tare da an sanar a coci ba, su ne ke shiga asibiti da kwanon abinci su gaishe da wanda ba su taɓa gani ba. Tsofaffinmu da suka girma da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ba sa cewa za su yi abu gobe sai sun haɗa da "in Ubangiji ya kai mu," kuma ba sa kwana da fushi. Ba su san sunan ko mai kalanda ɗaya ba, ba su da WhatsApp, amma in ana neman waɗanda fitilarsu ke da mai a garin nan, wajensu za a fara dubawa.

Daren 31 ga wata kuma sai coci ya cika har waje, har da waɗanda rabonmu da su tun daren 31 na bara, kowa yana so sabuwar shekara ta same shi a gaban Allah. Muna murna da zuwansu, a matsa musu su zauna. Ƙarfe goma sha biyu na bugawa a yi ihu, a rungumi juna, a ɗauki alkawura masu nauyi: bana ba fashin sujada, bana zakka cif, bana an bar gulma. Farkon Janairu coci-coci da yawa su sa azumi da addu'a, ya kuwa zo daidai, don aljihu ya riga ya fara nasa azumin, ga kuɗin makaranta yana jira. Maƙwabtanmu kan ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, mu ma mun ari maganar mun riƙe, ba mu mayar ba har yau.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, a ci kaza, a sa anko, a yi rawa har ƙura ta tashi, haihuwar Mai Ceto ba abin baƙin rai ba ne. Amma kafin ranar 25 ka biya tela kuɗinsa cif, ka leƙa wajen mai shago ko da rabi ne, ka cire kwano ɗaya don wanda ba zai iya rama maka ba. Ke kuma Mama, wadda kike juya wa baya a layin waƙa, gidanta ba nisa, ki yafa gyale ki je yau da yamma ki yi mata sallama.